Ciwon dajin hanyar abinci ya dawo wa Baba: a yi tiyata ko a dakata?

Ɗan Autan Baba: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, don kaina ya ɗaure. Mahaifinmu shekararsa 63. Bara waccan aka gano yana da ciwon daji a hanyar abinci, daidai tsakiyar ƙirji. A lokacin ba a yi masa tiyata ba. Shi da kansa ya ce ba ya so a buɗe masa ƙirji, likitoci kuma suka ce irin nasa yana jin gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura. Aka yi masa gashi na sati biyar da 'yan kwanaki, haɗe da kimo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji. Alhamdu lillahi ya samu sauƙi sosai, ya koma cin tuwo, da babbar Sallah har nama ya ci. To yau wata biyu ke nan abin ya dawo. Da fari nama ne ke tsaya masa, sai tuwo, yanzu shinkafa ma sai an dafa ta ta yi luguf. Shekaranjiya da dare ina kallonsa ya ɗauki loma ɗaya, ya daɗe yana taunawa, ya kurɓi ruwa, sai ya dafe ƙirji ya tashi ya fita tsakar gida don kada mu gani. Ya sauko daga kilo 66 zuwa 57. Babban yayanmu ya ce a sayar da gona a kai shi Indiya a cire abin gaba ɗaya. Don Allah wanda ya taɓa bin wannan hanya ya faɗa mana, ana yin tiyata idan ciwon ya dawo? Kuma a ina?

Mai Gadin Zaure: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. In za ka turo takardun asibiti, ka rufe sunansa da lambar katinsa tukuna. Jama'a, bismillah.

Maman 'Yan Biyu: Sannu ƙanena, Allah ya sa da sauƙi. Tambaya ɗaya zan fara yi maka: an tabbatar ciwon ne ya dawo, ko kuwa ku ne kuka ɗauka haka saboda abinci yana tsayawa? Ina tambaya ne don abin da ya faru da maigidana. Shi an yi masa tiyatar tun farko, aka yanke hanyar abincin aka jawo tumbinsa sama aka haɗa. Wata huɗu bayan haka sai abinci ya fara maƙale masa. Wallahi a daren nan ban rintsa ba, na riga na gama yanke wa kaina cewa shi ke nan. Da aka saka masa kyamara ta baki, sai ga shi tabon ɗinki ne ya tsuke wurin. Aka buɗa shi da wata 'yar robar da ake hurawa, sau uku a cikin wata biyu, ya koma cin abincinsa. Likitansa ya ce mana gashi ma yana barin irin wannan tabon. Saboda haka kada kowa ya taɓa gona sai an saka kyamara an yanko tsoka an kai gwaji.

Ɗan Autan Baba: Na gode Yaya. An saka kyamarar makon jiya, an yanko tsokar. Jiya sakamako ya fito, shi ne dai, irin na farkon, a wurin da yake a da. A takardar an rubuta sikwamos, sunan irin ciwon ke nan. Hoton CT, mai nuna cikin jiki dalla-dalla, shi ne ba a yi ba tukuna.

Maman 'Yan Biyu: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. To Allah ya kawo mafita. Bari Likita ya shigo.

Likitan Zaure: Salamu alaikum. Sannu ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ban duba shi ba, don haka abin da zan faɗa bayani ne da zai taimake ku ku fahimci abin da likitocinsa za su gaya muku, ku kuma san abin da za ku tambaya.

E, ana yin tiyata bayan ciwon ya dawo. Amma kalmar "ya dawo" tana ɗauke da abubuwa uku daban, kuma tiyata ba ta amfanar dukkansu. Akwai wanda ke dawowa a wurinsa na asali kawai, cikin bangon hanyar abinci. Akwai wanda ke fitowa a kaluluwar da ke kewaye, a wuya ko cikin ƙirji ko saman ciki. Akwai kuma wanda ya bi jini ya sauka a hanta, huhu ko ƙashi. Mafi yawan dawowa tana faruwa ne cikin shekara biyu na farko bayan magani, don haka lokacin da na Baba ya dawo ba baƙon abu ba ne.

Idan na farkon ne, ga shi kuma ba a taɓa yanke masa hanyar abinci ba, akwai aikin da muke kira tiyatar ceto. Ana yin ta ne daidai ga mutum irin Baba, wanda aka yi wa gashi da kimo da niyyar warkarwa, sai ciwon ya ƙi tafiya ko ya tafi ya dawo. A irin wannan hali ita ce hanyar da ta fi ba da fatan rabuwa da ciwon gaba ɗaya. Idan kuwa na ukun ne, ya riga ya bazu, cire hanyar abinci ba zai ƙara masa kwana ba, wahala kawai zai sha. Kamar ka kashe wuta a ɗaki ɗaya ne alhali ta riga ta kama rumbu.

To kun ga amsar tambayarku tana cikin hoton da ba a yi ba tukuna. A yi CT na wuya da ƙirji da ciki, da allurar da ke haska jijiyoyi. In da hali a ƙara da hoton PET, domin yana kama ƙananan wuraren da CT kan tsallake, sai dai ba ko'ina ake samunsa ba a ƙasar nan. Sannan tunda ka ce a tsakiyar ƙirji yake, dole a leƙa hanyar numfashi da kyamara ita ma. Hanyar abinci tana manne ne a bayan hanyar iska, ga babbar jijiyar jinin da ta fito daga zuciya a gefenta. In ciwon ya ci ɗaya daga cikinsu, ba ya yankuwa.

Alhaji na Kwari: Likita ya faɗi gaskiya, kuma ni da kuɗina na koyi wannan karatun. Ɗana, ka saurare ni da kyau ka kai wa yayanka. Ƙanena ciki ɗaya aka yi wa wannan ciwo. Da ya dawo, wani dillalin asibiti ya same mu, ya karɓi takarda ɗaya tak, ta kyamara, bayan kwana biyu ya ce likitocin can sun duba sun ce aiki ne mai sauƙi. Muka sayar da fili biyu, muka yi biza, muka hau jirgi da mutumin da ko zama ba ya iya yi sosai. Kwana uku da saukarmu aka yi masa hoton PET, aka ga tabo huɗu a hanta. Likitan ya zaunar da ni ya ce babu maganar tiyata, kimo ne, kuma irin kimon akwai shi a gida. Ban manta yadda ƙanen nan nawa ya kalle ni ba a ɗakin masauki, ya ce "Yaya, mai da ni wajen 'ya'yana." Allah ya jiƙansa, wata biyar ya ƙara.

Ban ce kada a fita waje ba. Cewa nake takarda ta riga mutum tafiya. A yi hotunan duka a nan, a karɓi faifan hoton kansa ba rahoton kawai ba, a tura wa likitan tiyatar kai tsaye, shi ya rubuto da hannunsa cewa zai iya aikin. Dillali kuɗin kansa yake nema, in kun sauka ya gama cin nasa.

Ɗan Autan Baba: Allah ya jiƙansa Alhaji, ya sa Aljanna ce makoma. Wallahi dillali ne ma ya zo wa yayanmu da maganar. Likita, don Allah ita tiyatar yaya ake yin ta? Mu a zatonmu wurin ciwon kawai za a yanke a ɗinke.

Likitan Zaure: A'a, ta fi haka girma nesa ba kusa ba. Tana cikin manyan ayyukan da ake yi wa ɗan'adam. Hanyar abinci tsawonta kamar santimita 25 ne, daga wuya ta ratsa ƙirji ta shiga ciki. Ba a yanke tsakiya a haɗa baki da baki, don ba ta miƙewa. Ana cire mafi yawanta ne tare da kaluluwar da ke kewaye, sannan a gyara tumbi a mayar da shi kamar doguwar safa, a jawo shi sama ta cikin ƙirji a ɗinka shi da guntun da ya rage. Akwai salon da ake buɗe ciki da ƙirjin dama, a yi mahaɗar a cikin ƙirji, shi ake kira da sunan likitan da ya bayyana shi a 1946, Ivor Lewis. Akwai na McKeown, mai yanka uku, ciki da ƙirji da wuya, a yi mahaɗar a wuya. Ga ciwon da ke tsakiyar ƙirji kamar na Baba, sau da yawa na biyun ake zaɓa, domin a samu a ɗinka a naman da gashi bai taɓa ba.

A nan ne wahalar take. Naman da ya sha gashi yana taurarewa, ya manne da maƙwabtansa, jini kuma ba ya gudana cikinsa kamar da. Ɗinki a irin wannan nama bai cika kamawa da wuri ba. Babban abin da muke tsoro shi ne mahaɗar ta yi yoyo, miyau da ruwan ciki su zuba cikin ƙirji. Sai ciwon huhu bayan aiki, sai raunin hanyar iska, sai dushewar murya idan an taɓa jijiyar da ke motsa maƙogwaro. Duk waɗannan sun fi yawa a tiyatar ceto a kan wadda aka shirya tun farko. Kuma ana rasa rai a cikinta, ba zan ɓoye muku ba.

Yawan gashin da aka yi masa yana da muhimmanci ƙwarai. Ana auna shi da ma'aunin da ake kira Gray. Wanda aka shirya yi wa tiyata tun farko yawanci 41.4 ake ba shi, kamar yadda binciken CROSS na ƙasar Holan ya tsara a 2012. Wanda za a yi wa gashi kaɗai ana kai shi 50.4, wasu wuraren har 60 ko fiye. Wani babban nazari da aka yi a asibitocin Turai, aka fitar a 2015, ya nuna cewa a hannun ƙwararru waɗanda aka yi wa tiyatar ceto suna iya rayuwa kusan daidai da waɗanda aka shirya wa aikin tun farko, amma haɗarin ya yi tsalle ga waɗanda gashinsu ya kai 55 ko ya wuce. Don haka ka koma inda aka yi masa gashi ka karɓo takardar da ta nuna adadin da kuma iyakar wurin da aka gasa. Duk likitan tiyatar da bai nemi wannan takarda ba, ku yi hattara da shi.

Anti Nas: Ku yi haƙuri in katse ku. Kuna ta maganar Indiya da hoto, ni kilo 9 ɗin nan da ya zube ne ya tsaya mini a rai. Shekara 19 ina aiki a ɗakin masu tiyata, kuma abin da na gani shi ne yunwa tana kayar da mutum kafin ciwon ya kayar da shi. Babu likitan kirki da zai buɗe ƙirjin wanda ya rame ya zama ƙashi da fata, don ɗinkin ba zai kama ba. Daga yau aikinka ke nan, ɗana.

A daina jiran lokacin cin abinci sau uku. Kofi ɗaya duk bayan awa biyu. Kunun gyaɗa mai kauri da madarar gari a ciki. Fura da nono a dama a tace, amma nonon da aka tafasa. Dafaffen ƙwai a markaɗa cikin kunu ko miya. Wake a dafa ya narke a tace ƙaiƙayin. Kifi ko kaza a markaɗa da romonsu. Ayaba da madara. Cokali ɗaya na man gyaɗa ko man shanu a cikin kowane kofi, ba ya ƙara yawa amma yana ƙara ƙarfi. Koko tsararo da shayi ba abinci ba ne, ruwa ne mai launi. Ya sha a zaune, kuma kada ya kwanta sai bayan kamar awa ɗaya. A bar komai ya huce tukuna. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanar tun 2016 cewa shan abin da zafinsa ya wuce digiri 65 yana cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo wannan ciwo, mu kuwa mun saba da kurɓar shayi yana tururi. In yana shan sigari, ko yana zama cikin hayaƙinta, a yanke yau.

Ku sayi sikeli ku riƙa auna shi duk Juma'a da safe, ku rubuta. Ya riƙa tattaki kullum, ko zuwa masallaci da dawowa ne, don huhun da zai ɗauki wannan aiki sai an horar da shi.

Abu biyu kuma da ba a jira da su. In ya fara tari duk lokacin da ya kurɓi ruwa, ko zazzaɓi ya biyo baya, a kai shi asibiti a daren, don yana iya zama ƙofa ce ta buɗe tsakanin hanyar abinci da ta iska. Haka in miyau ma ya daina wucewa.

Malam na Tudun Wada: Anti, ba gara a saka masa robar nan ta ciki ba kawai? Maƙwabcinmu an huda masa ciki an saka, ana ɗura masa kunu da sirinji, ya murmure sosai.

Anti Nas: Tana taimako ƙwarai Malam, amma a wurin Baba kada a yi gaggawar huda tumbi. Ka ji Likita ya ce da tumbin za a ƙera masa sabuwar hanyar abinci. In an huda shi ba a wurin da ya dace ba, ana iya lalata jijiyar da ke ba shi jini. Wanda ake sa ran yi wa tiyata, gara a zura siririyar roba ta hanci, ko a saka ta ƙaramin hanji. Likitan tiyatar ne zai zaɓa, ba wani ba.

Likitan Zaure: Haka yake. Kuma maganar ɗaya ce da ragar ƙarfen nan da ake sakawa ta buɗe hanya. Tana da amfani sosai ga wanda ba za a yi wa tiyata ba, cikin kwana ɗaya ko biyu mutum ya koma haɗiya. A gabashin Afirka, inda ciwon nan ya yi yawa, asibitin Tenwek da ke Bomet a Kenya ya shahara da saka ta. Amma likitocin tiyata ba sa son a saka ta kafin aiki, don tana ƙara manne naman. A fara sanin inda aka dosa.

Baƙo daga Maraɗi: Salamu alaikum, ina gaida mutanen zaure. Mu nan tun da aka buɗe wurin gashi a Yamai a 2021 mun rage zuwa nesa. Tambayata ga lokotoro: tunda gashi ya yi masa aiki da fari har ya ci nama, me zai hana a sake?

Likitan Zaure: Tambaya mai kyau. Jiki ba ya manta gashi. Lakar ƙashin baya, huhu, zuciya da ita kanta hanyar abincin, kowanne yana da iyakar abin da zai iya ɗauka a tsawon rayuwa, kuma an riga an ci mafi yawan wannan rabo a karon farko. Sake gasa wuri ɗaya yana iya huda hanyar ko ya jawo zubar jini. Ana yi wani lokaci, da ɗan ƙaramin adadi, ko ta hanyar gashin ciki inda ake zura sinadarin cikin hanyar abinci na 'yan mintoci don a buɗe ta. Wannan na sauƙaƙa haɗiya ne. Inda gashi ke da babban amfani shi ne idan ciwon ya fito a wajen da ba a gasa ba a da, ko ga wanda tiyata kaɗai aka yi masa tun farko.

Malamar Islamiyya: Kamar yayata ke nan. Ita tiyata aka fara yi mata. Bayan shekara ɗaya da rabi tana wanka ta ji wani ƙullutu kamar gyaɗa a saman ƙashin wuyanta na hagu, ba ya ciwo. Ta ɓoye mana har sati uku. Da aka gwada, ciwon ne, amma hoto ya nuna nan kaɗai yake. Aka cire kaluluwar wuyan, aka bi da gashi da kimo. Yau shekara uku, tana nan tana koyar da jikokinta karatu. Na kawo wannan ne don wanda ke karantawa a ɓoye ya sani, ko wanda aka riga aka yi wa aiki, in abin ya dawo wuri ɗaya tak, akwai abin yi. Kada a ɓoye ƙullutu.

Likitan Zaure: Allah ya ƙara mata lafiya. Irin nata yana cikin waɗanda tiyata ke amfana, kuma likitocin Japan sun daɗe suna yin haka. Akwai ma wanda ciwon ke dawowa a mahaɗar, a cire tumbin da aka jawo, a ɗauko wani yanki na babban hanji a maye gurbinsa. Amma wannan aiki ne na mutane ƙalilan a cibiyoyi ƙalilan.

Wani Ɗan'uwa: Jama'a akwai wani mai magani da na sani, yana ba da jiƙo na kwana 40, an ce ƙari yana narkewa ba tare da wuƙa ba. In ana so in turo lambarsa.

Maman 'Yan Biyu: Don girman Allah kada ka turo. Na san da kyakkyawar niyya ka faɗa. Kafin a yi wa maigidana aiki mun ɓata wata uku a kan jiƙo, yana amai yana ramewa, mai maganin yana cewa ciwon ne ke fita. Kwana 40 a wurin Baba su ne tsakanin abin da ke yankuwa da wanda ba ya yankuwa. Addu'a da zamzam da sadaka, a yi su dare da rana. Amma abin da ba a san me ke cikinsa ba, a bar hantarsa ta huta, ana bukatarta.

Mai Gadin Zaure: Dokar zaure ce dama, ba a tallan magani. Mu ci gaba.

Ɗan Autan Baba: To in hoto ya nuna ana iya aikin, ina za mu nufa? In kuma ya nuna ya bazu, shi ke nan babu abin yi?

Likitan Zaure: Ku fara da asibitin koyarwa mai sashen tiyatar ƙirji da sashen ciwon daji a wuri ɗaya, kamar na Shika a Zariya, ko Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, ko na Ibadan. Na Malam Aminu Kano ma yana da likitocin ƙirji. Ku nemi a zauna a kan takardunsa tare, mai tiyata da mai gashi da mai kimo. Kuma ku yi tambaya ba kunya, a gida ne ko a waje: sau nawa kuke cire hanyar abinci a shekara? Kun taɓa yi wa wanda ya sha cikakken gashi? Akwai gado a ɗakin kulawa ta musamman da injin numfashi da aka tanadar masa? In mahaɗar ta yi yoyo da tsakar dare, wa zai gyara? A Holan, asibitin da ba ya yin aƙalla 20 a shekara ba a barinsa ya yi wannan aiki, saboda an ga sabo yana ceton rai. Likitan kirki ba zai ji haushin tambayar ba, in ma ya ga aikin ya fi ƙarfin wurinsa shi zai tura ku gaba. In Indiya ce, asibitin Tata Memorial da ke Mumbai tun 1941 aikinsa ke nan, ciwon daji kaɗai, sai dai akwai layi.

In kuma ya bazu, ba a ce babu abin yi ba. Akwai kimo, akwai sababbin alluran da ke zaburar da garkuwar jiki, irin su Opdivo da Keytruda. Amma ku san ma'auninsu kafin ku zuba dukiya. A binciken da aka fitar a 2019 kan masu irin sikwamos da kimo na farko ya gaza, waɗanda aka ba Opdivo sun rayu kusan wata 11 a tsaka-tsaki, masu kimo kuma wata 8 da 'yan kwanaki. Wasu ƙalilan suna daɗewa sosai a kansa, kuma ya fi kimo sauƙi a jiki, amma tsadarsa ba kaɗan ba ce. Ga ragar ƙarfe don ya ci abinci, ga mofin na sha don zafi. Mofin a hannun likita rahama ce, kada a hana shi saboda tsoron surutun mutane.

Malam na Tudun Wada: Asusun nan na gwamnatin tarayya na masu ciwon daji fa?

Anti Nas: An fara shi ne da ciwon dajin nono, da na bakin mahaifa, da na furostet da ke kama maza. Ku dai shiga ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin ku tambaya, kuma in Baba yana da inshorar lafiya ku kai katin tun ranar farko.

Dattijon Zaure: Tun ɗazu ina karantawa ban ce komai ba. Yaro, akwai mutum ɗaya da ban ji muryarsa ba a duk wannan magana, shi ne mai ciwon. Ka ce da bakinka a karon farko ya ƙi a buɗe masa ƙirji. Yanzu yayanka yana shirin sayar da gonarsa, kai kana neman likita, shi kuwa yana fita tsakar gida don kada ku ga loma ta tsaya masa. Kuna ɓoye masa, yana ɓoye muku. Ya san sakamakon da ya fito jiya?

Ɗan Autan Baba: Bai sani ba, Baba. Mun ce masa tabo ne. Muna tsoron ya karaya.

Dattijon Zaure: Mutumin da ya binne iyayensa, ya aurar da 'ya'ya, ya ga fari ya ga damina, ba ku ne za ku koya masa ɗaukar labari ba. Ni sa'ansa ne, na girme shi ma, kuma ina gaya maka ya sani. Jikinsa ne. Abin da ya rage masa shi ne ya samu wanda zai yi maganar da shi. Wataƙila yana da bashi da yake so ya biya, ko wasiyya, ko wani da yake so ya nemi gafararsa. Wataƙila kuma yanzu da ya ɗanɗani lafiya ya ga ta kuɓuce, zai yarda da wuƙar da ya ƙi a da. Ba za ku sani ba sai kun tambaya. Ku samu bayan sallar asuba, kai da yayanka da mahaifiyarku, ku zauna ƙasa kusa da shi. Ku faɗa masa abin da Likita ya faɗa, har da haɗarin. Bayan aikin ma rayuwa tana canjawa, ko ba haka ba Hajiya?

Maman 'Yan Biyu: Haka ne Baba. Maigidana har yau ba ya cin abin da ya wuce cikin ƙaramin kwano a zama ɗaya. Ba ya kwanciya shimfiɗe, sai mun ɗaga kan gadon da bulo biyu, in ba haka ba ruwan ɗaci ya taso masa cikin barci. In ya sha abu mai zaƙi da yawa sai gumi da jiri. Azumi ma malamai sun ce ya ciyar. Ya kai wata shida kafin ya koma kasuwa. Amma yana nan, shi ya ɗaura wa 'yarmu aure bana. Duk wannan a gaya wa Baba, ya auna da kansa.

Ɗan Autan Baba: Salamu alaikum 'yan zaure, na dawo bayan kwana tara. Mun zauna da shi kamar yadda Dattijo ya ce. Kafin yayanmu ya gama kewaye-kewaye sai ya ce, "Ciwon ne ya dawo ko? Tun watan jiya na sani." Mahaifiyarmu ce ta yi kuka, shi yake ba ta haƙuri. Ya ce gona ba za a sayar ba sai likitan da zai riƙe wuƙar ya kalle shi ido da ido ya gaya masa gaskiya. An yi CT, babu komai a hanta da huhu, amma rahoton ya ce ƙarin yana kusa da hanyar iska, sai an leƙa da kyamara. Na karɓo takardar gashi, 50.4 aka rubuta. An saka masa siririyar roba ta hanci, kuma da kunun Anti ya ƙara rabin kilo. Ranar Talata aka ba mu mu ga likitan ƙirji a Shika. Akwai wanda ya san masauki mai sauƙi kusa da asibitin, inda za mu iya kunna risho mu dama masa kunu?

Malam na Tudun Wada: Ku sauka gidana, akwai ɗaki a zaure, uwargida za ta dama kunun. Ka biyo ni ta akwatin sirri in kwatanta maka. Ku taso tun Litinin da yamma, don layin kati da sassafe ake kama shi.

Anti Nas: Kada ka manta faifan CT ɗin, da takardar gwajin tsoka ta farko da ta yanzu, da sirinjin robarsa guda biyu.